Wuya Tsakanin Wanzami da Likita

Kafin a san tiyata a Tamale, maƙogwaron mutum a hannun wanzami yake. Da yaƙin basasar Salaga ya watsa Hausawa fatake a 1892, suka bazu da goronsu da allunansu, har da zabirar wanzamai. Da Turawan Ingila suka mai da Tamale hedikwatar Arewa a 1907, wasunsu suka yada zango a nan. Zuriyarmu ta wajen uwa cikinsu take.

Kakana wanzami ne, a unguwar Sakasaka ya yi sana'arsa, ba nisa da masallacin Afa Ajura. Aski da ƙaho da kaciya duk nasa ne, amma cire belu ya fi yin suna da shi. Ya danne harshen jariri da ɗan itace, ya zura lanƙwasasshiyar aska, kafin uwa ta gama salati ya gama. Manya ma kan zo idan tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko murya ta dushe. Kome ya sami wuya, belu ake ɗora wa laifi. Yau likitoci suna hana wannan yanka saboda zubar jini da tetanus, kuma da gaskiyarsu, duk da son da nake wa tsohon.

Iyakar askar wanzami inda ido ya tsaya. Ciwon dajin maƙogwaro kuwa can ciki yake, kuma yanke shi rabin aiki ne, sauran rabin gini. A 1873 Theodor Billroth ya fara cire maƙogwaron mai ciwon daji ɗungurungum a Biyana. Sai a 1959 aka yi nasarar dasa guntun hanji a wuya don abinci ya sami hanya. A 1979 Stephan Ariyan ya nuna yadda ake juyo tsokar ƙirji da fatarta a rufe gurbin. Wanda aka cire wa maƙogwaro ya koma numfashi ta ƙofa a gindin wuya, ya sake koyon magana.

Babban asibitin Tamale a 1974 aka buɗe shi, yanzu na koyarwa ne, da sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Na'urar gashin ciwon daji kuwa asibitin Korle Bu ta fara isa a 1997, sannan asibitin Komfo Anokye na Kumasi a 2004, tafiyar kusan kilomita 400 daga Sakasaka.

Jama'a, muryar da ta yi mako uku a dushe, musamman ta mai shan taba, a kai wa likita ya leƙa.