Lissafin Tsufa: Yadda Dattawa Suka Shigo Kasafin Kuɗi

Lokacin da aka cire Gombe daga jihar Bauchi ranar 1 ga Oktoba 1996, mu ma'aikatan kasafi da tsare-tsare mun taso da fahimtar da muka gada: a takardar gwamnati, tsoho shi ne ɗan fansho. Dokar fansho ta 1979 ce ke aiki a lokacin. Idan ma'aikaci ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, sai a biya shi garatuti, a ci gaba da ba shi fansho daga baitulmali har ƙarshen ransa. Hasashenmu bai wuce mu buɗe rajistar ma'aikata mu ƙirga masu ritaya baɗi ba. Manomi da ɗan tireda da tsohuwa mai tuyar ƙosai ba sa cikin lissafi, domin kowa ya ɗauka 'ya'ya da dangi sun ishe su.

Bashin fansho da ya yi wa ƙasa katutu ne ya sa gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin adashen gata a 2004, aka kafa hukumar PenCom. Gyaran 2014 ya ɗora wa ma'aikaci kashi 8 cikin 100 na albashi, mai ɗaukar aiki kashi 10. A nan muka koyi hangen shekara talatin gaba, amma har yanzu mai albashi kaɗai ake hange.

Ekiti ce ta buɗe mana ido a 2011, da gwamna Kayode Fayemi ya fara ba marasa galihu 'yan shekara 65 zuwa sama naira 5,000 duk wata. A Arewa kuwa, misalin da aka fi sani shi ne gidan gajiyayyu na Shahuci a Kano, wanda jama'a ke kallo a matsayin mafakar wanda ya rasa kowa. A Janairun 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, a 2021 kuma aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Nan gida, hukumar GoHealth ta buɗe wa masu rauni ƙofar inshorar lafiya.

Shi lissafin kansa ba shi da wuya. Za ka nemi yawan waɗanda suka haura 60, ka ware waɗanda ba sa iya wanka ko cin abinci ko zagayawa sai da taimako, a cikinsu ka sake ware waɗanda ba su da mai kula da su. Sai ka ninka da kuɗin gado ɗaya a shekara, wato abinci da magani da albashin mai jinya, ka ƙara hauhawar farashi. Wahalar tana wajen alƙaluma. Ƙidayar ƙarshe ta 2006 ce, wadda ta ba Gombe mutum miliyan 2 da dubu 300 da ɗoriya, ta 2023 kuma aka ɗage ta. Yawancin tsofaffinmu ba su da takardar haihuwa. Ga shi bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, hauhawar farashi ta zarce kashi 30 cikin 100 a 2024, duk kiyasin da aka yi kafin nan ya rushe. Abin da ya tabbata shi ne, kusan mutum ɗaya cikin 20 a Najeriya ya kai 60, kuma adadin zai ninka fiye da sau biyu kafin 2050.

Abin da takarda ta kasa nunawa, muna ganinsa a unguwarmu ta Madaki. 'Ya'ya sun tafi neman abinci Abuja da Legas. Gidan gandu ya tsage, an koma haya ɗaki biyu. Akwai dattawan da rikicin Borno da Yobe ya koro, danginsu sun watse. Hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki sun kwantar da wasu shekara da shekaru, kuma mai juya su da wanke su kusan kullum mace ce, 'ya ko suruka ko jika, wadda ta ajiye sana'arta ko karatunta. Wannan kuɗi ne ake kashewa kowace rana, bai taɓa shiga kasafi ba.

Jamus a 1995 da Japan a 2000 sun kafa inshorar jinyar tsufa, kuma dukansu suna biyan kulawar da ake yi a cikin gida. Mu da addini da al'ada suka ɗora mana riƙon iyaye, mun fi kowa dacewa da wannan hanya. Ina roƙon matasan da suka gaje mu a ofis su fara da rajista: masu unguwanni da limamai da fastoci da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi sun san gidan da ake jinya. Daga nan a ware kuɗin magani, da ziyarar ma'aikacin lafiya, da ɗan alawus ga mai jinya, sannan a tanadi gadaje kaɗan masu mutunci ga wanda ba shi da kowa. Wanda ya yi wa ƙasa noma shekara hamsin yana da haƙƙi a baitulmali kamar wanda ya yi mata aikin ofis.