Daga Filin Majigi Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Hirarmu Kan Fim



A makon jiya, a teburin wani mai shayi a nan Doka, na saurari samari suna gardama kan Labarina har shayinsu ya huce. Wani ya ce an ja labarin da yawa, wani ya ce ai jan ne daɗinsa. Da aka watse, ba wanda ya rubuta ko layi guda. Shi ya sa na waiwayi tarihin irin wannan hirar, domin ta girmi Kannywood nesa ba kusa ba.

Kakanninmu da majigi suka fara. A zamanin Turawa, mota ce ke shiga gari, a kafa farin ƙyalle a fili, a nuna fim ɗin noma ko na tsafta, wani ma'aikaci yana fassarawa da Hausa. Baban Larai, wanda aka yi don koyar da manoma, yana cikin waɗanda dattawa ke tunawa. Sai gidajen silima suka biyo: a Kano an buɗe Rex a 1937. A nan Kaduna kuwa, gidan Rediyo da Talabijin ya fara nuna hoto a 1962, kuma daga nan ne Arewa ta san Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi da Karambana na Ƙasimu Yero. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim.

Amma inda ra'ayin ɗan kallo ya fi nuna ƙarfinsa shi ne finafinan Indiya. Bahaushe bai jin yaren, duk da haka yakan fito daga silima ya kwashe labarin tsaf ya ba wanda bai je ba. Har sunaye ya raɗa wa jarumai: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Ku lura da kyau, wannan sharhi ne cikakke a kalma biyu ko huɗu. Abin da masu kallo suka nuna suna so, wato soyayya da auren dole da rikicin gida, shi ne ya cika littattafan soyayya na shekarun 1980 da 1990, kuma shi ya bi su har cikin kaset bayan fitowar Turmin Danya a 1990.

Sai a ƙarshen shekarun 1990 hirar ta samu wurin zama a takarda. Mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji ta fito a Kano, kuma a cikinta aka fara ganin sunan Kannywood. A 1999 Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim a nan Kaduna. Ba jimawa Yakubu Lere, shi ma daga Kaduna, ya fitar da Wasila, wadda aka daɗe ana musu a kanta. Bambancin shi ne wannan karon an buga ra'ayoyin mutane. Duk mai son sanin yadda 'yan kallo suka karɓi finafinan wancan lokaci, tsofaffin mujallun nan zai nema. Abin da aka faɗa a ƙofar silima kuwa ya tafi da masu faɗarsa.

Yau kallo ya koma waya. Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Izzar So ya samu jama'arsa a YouTube. Algaita ta sa Indiyawa suna magana da Hausa. Ra'ayi ya yi arha fiye da kowane zamani, amma ya gajarce: "ya yi wuta", "bai yi ba", sai hoton dariya. Wanda zai zo bayan shekara talatin yana neman abin da muka gani a Labarina na Aminu Saira, me zai tarar?

Nan aikinmu yake, mu masu neman zama marubuta. In fim ya burge ka, ɗan'uwa, tambayi kanka a wane wuri ne, kuma me aka yi a wurin. In kin ji haushin wata jaruma, 'yar'uwa, duba ko wasanta ne ya gaza, ko kuwa maganar da aka rubuta mata ce ba ta zauna a bakin Bahaushiya ba. Wanda ya iya gano inda labarin wani ya karye, zai gane nasa tun kafin ya kai wa mai bugawa.

Don haka a wannan makon, kowa ya zaɓi fim ɗaya ko shirin gaskiya ɗaya da ya kalla, ya rubuta sakin layi biyu: abin da ya gani, da dalilinsa. A soki aiki, a bar mutuncin mai aikin.

Allah ya ƙara mana basira, amin.