Dayatom: ƙananan halittun da ke ba da shaida kan ruwan magudanan birni

Dayatom wasu halittu ne masu ƙwayar rai guda ɗaya daga dangin gansakuka, waɗanda ke rayuwa a teku da kogi da tafki da magudanar ruwa. Akasarinsu ba su kai kaurin silin gashi ba, sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Idan sun taru da yawa, su ne santsin nan mai launin ƙasa-ƙasa da ke lulluɓe duwatsun cikin ruwa. Kowane ɗaya yana cikin ɓawo na silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi, kuma ɓawon gida biyu ne, kamar akushi da murfinsa. Zanen jikin ɓawon ya bambanta daga jinsi zuwa jinsi, da shi masana ke tantance su. Ɓawon ba ya ruɓewa: cikin ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi ma akwai ɓurɓushin dayatom na tsohon tafkin da ya ƙafe a can.

Amfaninsu wajen auna ruwa ya samo asali ne daga yadda kowane jinsi yake da irin ruwan da yake iya zama a ciki. Yayin da birni ya bunƙasa, ruwan wanka da wanki da najasa da dagwalon masana'antu sukan kwarara cikin magudana, sinadaran naitirojin da fosfaras su yi yawa, iskar oksijin ta ragu, gishiri ya ƙaru. Jinsunan da ba su jure ƙazanta, irin su akasarin dangin Eunotia, sai su ɓace, masu juriya kamar Nitzschia palea da Gomphonema parvulum su mamaye wurin. Inda ƙarafa masu guba suka yi yawa, akan ga ɓawo ya karkace ko zanensa ya lalace.

Ruwan da aka ɗebo a kwalba aka kai ɗakin gwaji yana nuna halin da magudana take ciki ne a wannan sa'ar kaɗai. Wanda ya saki dagwalo da tsakar dare, kafin gari ya waye ruwa ya tafi da shi. Dayatom kuwa suna manne a wurin dare da rana, suna hayayyafa cikin sauri, don haka jinsunan da aka tarar shaida ce ta abin da ya wuce ta wurin a makonnin baya. Wannan shi ne babban fifikonsu.

Aikin ba shi da tsada. Akan ɗauko duwatsu kamar biyar daga cikin ruwan, a goge santsinsu da buroshin haƙori, a wanke da sinadarin da zai cinye komai ya bar ɓawo zalla, sannan a ƙirga ɓawo 300 zuwa 400 a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma sau 1,000. A magudanar da aka yi wa daɓen siminti, inda babu duwatsu, akan rataya ƙananan faranta na gilashi ko tayil cikin ruwan har kusan mako huɗu. Idan aka yi haka kafin ruwa ya shiga gari, da tsakiyar gari, da bayan ya fita, za a ga daidai inda ya fara ɓaci. Wahalar tana wajen samun ƙwararren da zai bambance jinsuna.

Masaniyar Amurka Ruth Patrick ce ta yi fice a wannan fanni tun bincikenta na rafin Conestoga a jihar Pennsylvania a 1948. A 1995 Kelly da Whitton suka fitar da ma'aunin da Birtaniya ta yi amfani da shi wajen bibiyar tasirin ruwan najasar birane, kuma dokar ruwa ta Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta wajabta duba halittun cikin ruwa tare da gwajin sinadarai. A nahiyar Afirka, Afirka ta Kudu ce ta fi nisa.

Hanyar tana da iyaka. Dayatom ba sa nuna ko akwai ƙwayar kwalara ko taifot a ruwa, kuma ma'aunan da aka gina a Turai suna buƙatar gyara kafin su dace da ƙasashe masu zafi. Duk da haka, magudana irin Jakara a Kano, wadda ke kwashe ruwan tsohon birni, ta haɗu da Getsi mai ɗauke da dagwalon Bompai, sannan masu lambu su yi ban-ruwan latas da kabeji da ita kafin ta isa madatsar Wasai, wuri ne da ya cancanci a riƙa yi masa wannan gwaji rani da damina.