Katifar roba

Katifar roba katifa ce da ake yi da kumfar ruwan roba. Ruwan iri biyu ne: na bishiya da na haɗi. Na farko farin ƙaro ne da ake tatsa daga bishiyar roba, wadda asalinta dajin Amazon ne, ana kuma nomanta a jihohin Edo, Delta da Kuros Riba. Na haɗi kuwa daga man fetur ake samo shi, ta hanyar haɗa sinadaran sitairin da butadayin. Kamfanin Dunlop na Ingila ne ya ƙirƙiro kumfar roba a 1929.

Sinadarai da lafiya

Kasancewar roba ta bishiya ba ya nufin babu sinadari a cikinta. Ana zuba mata amoniya don kada ta daskare a hanya, sannan a gasa kumfar da farar wuta da wasu sinadarai masu hanzarta ƙamewa. Ragowar waɗannan kan jawo wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje. Akwai kuma furotin na bishiyar kanta, wanda ke tayar da borin jini ko asma ga wanda jikinsa bai yarda da roba ba. Wanke kumfar a masana'anta yana rage shi sosai, amma ba ya kawar da shi duka.

Robar haɗi ba ta da wannan furotin. Sai dai hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya butadayin cikin abubuwan da ke haddasa sankara, sitairin kuma cikin waɗanda ake kyautata zaton suna haddasawa. Haɗarin ya fi shafar ma'aikatan masana'anta, domin abin da ke saura a katifa kaɗan ne. Warin sabuwar katifa yakan ragu idan an cire ledarta an bar ta ta sha iska na 'yan kwanaki.

A Jega da kewaye

Galibin katifun da ake saya a Jega, Aliero da Maiyama, na kayan ɗakin amarya ko na ɗalibai, ba na roba ba ne. Soso ne na foliyuritan, irin wanda Vitafoam da Mouka ke yi, wanda ya maye gurbin katifar auduga da ta rimi. Babbar matsalarsa gobara ce: yana saurin kamawa, hayaƙinsa kuma na ɗauke da iskar kabon monoksaid da sayanaid. Kyandir, kaskon wuta na lokacin hunturu ko maganin sauro na kunnawa a gefen katifa sun fi duk ragowar sinadaran nan haɗari.