Ma'aunin Ƙarfin Sarauta: Gaisuwa, Ganuwa da Zangon Baƙi

Masanan tarihin ƙasar Sin sun daɗe suna gardama a kan abin da ya kamata a auna ƙarfin gidan sarauta da shi. Marubutan fada na can sukan lissafa faɗin ƙasa, da yawan gidajen da ke biyan haraji, da jakadun da ke kawo gaisuwa. A zamanin gidan Ming, tsakanin 1405 da 1433, jiragen ruwan Zheng He sun kai har gaɓar Afirka ta Gabas, aka rubuta kyautar sarakunan da suka tarar a matsayin mubaya'a. Amma masana na baya sun lura cewa yawancin wannan gaisuwa ciniki ne aka saya wa rigar biyayya, domin sau da yawa tukwicin da fada ke mayarwa ya fi abin da aka kawo.

Wannan gargaɗi yana da amfani ga mai karanta Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. An ce Kwararrafa sun ba Sarki Kanajeji bayi 200. To, amma littafin da kansa ya nuna shi ma yana aika musu da dawaki, suna aiko masa da bayi. Watau musaya ce tsakanin masu bukatar juna.

Ma'aunin da ya fi wuyar ruɗi shi ne sawun baƙi, gama falke ba ya yada zango inda dukiyarsa ba ta da amana. Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi, malamai irin su Al-Maghili suka sauka a birninsa. Kumbari (1731–1743) kuwa mayaƙi ne, amma ya matsa wa Kurmi da haraji har Larabawa suka ƙaura zuwa Katsina. Wanda ya ƙidaya yaƙe-yaƙe kaɗai zai ɗauka Kumbari ya ƙarfafa Kano, alhali ya raunana ta.

Fagge, da ke bayan ganuwa, shaida ce ta wannan ma'auni. Nan ne a da ayarin Buzaye ke sauke gishirin Bilma, su ɗauki hatsi da tufafin rini. Muddin zangon nan ya cika, sarauta na da lafiya.

Sai dai Sabon Gari ya nuna iyakar ma'aunin. An kafa shi wajen 1913, bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, ya cika da Yarabawa da Ibo da mutanen Saliyo da na Gwalkwas. Amma reluwe da cinikin gyaɗa ne suka jawo su, kuma a ƙarƙashin Turawa suke, ba Sarki Abbas ba. Sai a 1940 aka mayar da unguwar hannun En'e ta Kano.

Saboda haka bai isa a ƙidaya baƙi ba. Wajibi ne a tambaya: wa ya ba su amana, kuma gaban alƙalin wa suke kai ƙara?