Tsaron Windows da rage wa furosesa wuta: me ya sa ba sa jituwa?

'Yan uwa da dama, musamman mazauna ƙasashe masu zafi irin su Saudiyya da Sudan, sun sha tambayata dalilin da ya sa manhajar da yaransu ke amfani da ita wajen rage zafin kwamfuta ta daina aiki. Wasu yaran har sun kashe tsaron kwamfutar gida don manhajar ta tashi. Zan bayyana inda saɓanin yake, da abin da nake ba iyali shawara a kai.

Mene ne rage wuta?

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma tana aiki ne da ƙarfin lantarki ɗan kaɗan, wajen bolt 1 ko sama da haka kaɗan. Kamfani yakan ba ta fiye da abin da take buƙata, domin ko a iri ɗaya wata ta fi wata juriya. Masu rage wuta wannan rarar suke zaftarewa, a kan Intel galibi da manhajar ThrottleStop ko Intel XTU.

Ribar ba ƙarama ba ce. Wutar da furosesa ke ci wajen aiki tana tafiya ne da ƙarfin lantarkin sau kansa. Idan aka sauko daga bolt 1.2 zuwa 1.1, an rage kusan kashi 16 cikin 100. Zafi ya ragu, fanka ta yi shiru, batir ya ƙara jimawa. Amma idan aka zarce, furosesa takan fara kuskuren lissafi, ko kwamfutar ta tsaya cak.

Ƙofa ta farko: Plundervolt

Wannan kuskuren lissafin shi ne asalin rigimar. A watan Disamba na 2019, masu bincike daga jami'o'in Birmingham a Ingila, Leuven a Beljiyam da Graz a Ostiriya suka bayyana wata hanyar kutse da suka sa wa suna Plundervolt. Sun nuna cewa wanda ya riga ya ƙwace ikon kwamfuta zai iya rage wutar da gangan a daidai lokacin da furosesa ke lissafin sirri, ta yi kuskure, daga kuskuren kuma ya gano makullan da ke ɓoye a SGX, wato keɓaɓɓen ɗakin ajiyar sirri na furosesar Intel.

Intel ta fitar da gyara mai ba da damar kulle hanyar rage wutar, kamfanonin kwamfuta da yawa kuma suka sa shi a sabunta BIOS. Don haka in kwamfutarka ta daina karɓar ragin bayan an sabunta BIOS, ba lalacewa ta yi ba, kulle ta aka yi.

Ƙofa ta biyu: mai gadin Windows

Windows 11, da ta fito a Oktoban 2021, tana zuwa a sababbin kwamfutoci da wani tsaro a kunne, wanda a shafin Windows Security za ka gan shi da sunan Memory integrity, ƙarƙashin Core isolation. Yadda yake aiki shi ne, ana ɗora wani mai gadi, wato Hyper-V, tsakanin Windows da ƙarfen kwamfuta. Wasu muhimman umarnin da za a aika wa furosesa kai tsaye sai sun bi ta hannunsa. Umarnin rage wuta yana shiga ne ta wata rijista mai lamba 0x150, mai gadin kuwa ba ya barin a taɓa ta. Shi ya sa za ka ja ma'auni a ThrottleStop, ka ga babu abin da ya canza. Ka lura kuma, kunna WSL2 ko Windows Sandbox ma yana tayar da mai gadin nan.

Ƙofa ta uku: direbobi

Irin waɗannan manhajoji suna buƙatar direba mai shiga can cikin zuciyar Windows. Hanyar da direban ya buɗe wa manhaja, ita ce ɓarawo ma zai bi. Tun 2022 Windows 11 ke toshe jerin direbobi masu rauni ba tare da an umarce ta ba, kuma a 2025 Microsoft Defender ya fara kama wani tsohon direba mai suna WinRing0, wanda manhajojin fanka da na auna zafi da dama suka dogara da shi. Masu Linux ma ba su tsira ba: a rarrabe-rarrabe da yawa, idan Secure Boot na kunne, ana hana rubutu a rijistocin furosesa.

Shawarata

A matsayina na injiniya, ga yadda nake auna abin. Kwamfutar da ake shiga banki da ita, ake aika kuɗi gida, aka ajiye hotunan fasfo da takardun izinin zama, ba a kashe mata tsaro saboda 'yan digiri na zafi. Rigakafi ya fi magani. Ga abin da za a yi maimakon haka:

1. A duba BIOS. Ragin da aka yi a can yana zama tun kafin Windows ta tashi, don haka mai gadi bai shafe shi ba. Masu AMD Ryzen 5000 zuwa sama, musamman ta tebur, suna da Curve Optimizer. A riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, ana gwadawa.
2. A share ƙurar fanka, a daina ɗora kwamfutar tafi-da-gidanka a kan katifa ko kafet. In ta tsufa, mai gyara ya sake mata man da ake shafa wa furosesa.
3. A saitin wuta na Windows, a mayar da iyakar aikin furosesa kashi 99 maimakon 100. A yawancin kwamfutoci wannan yana hana ta ƙarin gudun da ke jawo zafi, ko da yake saurinta zai ɗan ragu.

Don sanin halin da kwamfutar gidanka ke ciki, rubuta msinfo32 a akwatin bincike, ka duba layin Virtualization-based security. In ka tarar a kashe, ka tambayi yaran cikin natsuwa ko su ne suka kashe, sannan a koma Windows Security a kunna Memory integrity. Wanda ke son gwaje-gwaje, ya yi a kan kwamfutar da ba a ajiye sirrin iyali a cikinta ba.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.