Abinci, Abin Sha Da Kwalliyar Biki: Abin Da Ake Yayi A Zangonninmu Na Kudu

Na daɗe ina zuwa bukukuwan 'yan'uwa a Agege, Idi-Araba da Sabon Ibadan, wani lokacin ma ni ake ɗora wa ɗawainiyar cefane. Abin da na lura shi ne, bikin Bahaushen kudu baƙi iri biyu yake tarawa: dangin da suka taso daga Arewa, da maƙwabta Yarabawa da Inyamurai da ake kasuwa tare. Wanda ya manta da ɗaya ɓangaren, to zai ji a bakin mutane bayan biki.

Abinci

A da, da safe waina da miyan taushe, da rana shinkafa dafa-duka, shi ke nan. Yanzu an koma jera abinci a dogon tebur kowa ya zaɓa. Za ka ga sinasir, tuwon shinkafa da dambun nama a gefe guda, ga amala da ewedu da alala a ɗaya gefen. Kafin a kawo babban abinci kuma ana zagayawa da samosa da fanke a 'yan ƙananan faranti. Abin da ya fi tashe shi ne a kira mai tsire ya kafa tukubarsa a bakin hol, yana yanka balangu da zafinsa. Wallahi layin nan ya kan fi na shinkafa tsawo.

Shawarata: in mai kwangilar girkin ba Musulmi ba ne, ku sayi dabbarku ku yanka da kanku, ku kai masa naman. Sannan ku duba lokaci. Tumatir da tarugu na tsada a Mile 12 da zarar damina ta kankama, saboda kayan lambun rani na Arewa sun ƙare. Rago kuma ba ya taɓuwa in Babbar Salla ta matso.

Abin sha

Zoɓo, kunun aya, kunun gyaɗa da fura da nono sun dawo da ƙarfinsu, ana ɗura su a gora mai ɗauke da sunan ango da amarya. Sai dai a kula, zafin Legas da danshinta ba sa barin kunun aya ya daɗe. Na taɓa ganin kula biyu sun yi tsami kafin la'asar saboda ƙanƙara ta narke. A haɗa shi ranar bikin, a binne shi cikin ƙanƙara. Zoɓo da lemon citta sun fi juriya. A wasu holholin kuma sun saba ajiye giya a tebur ba tare da an ce su yi ba, don haka a faɗa masu tun ranar biyan kuɗi cewa ba a so.

Kwalliyar wuri

Ranar kamu an fi son kayan gargajiya: tabarma, faifai, ƙwarya, tumtum da darduma, a jera alkaki, nakiya da dubulan a akussa. Ranar dina kuma furanni, fitilu da kujerar ango da amarya, launinsu daidai da na anko. In a titi za a kafa rumfa, a tuna ruwan Yuni da Yuli ba ya sallama, a kuma tanadi janareto.

Abin ɗauka zuwa gida

Tun watan Janairun 2024 gwamnatin Legas ta hana amfani da farar robar kumfa da ake zuba abinci a ciki. Shi ya sa yanzu ake amfani da kwalin takarda ko roba mai murfi da za a iya sake wankewa.

Kada dai a ci bashi don burge jama'a. Waina mai zafi da ta ishi kowa ta fi kala goma da ta ƙare kafin surukai su zauna. Allah ya ba da zaman lafiya, ya sa albarka.